Koren gini: ina ribar muhalli take, ina kuma bashin ya ɓuya?

A shekarar 2024 Tarayyar Turai ta yi wa dokarta ta makamashin gine-gine garambawul. Daga 2030, duk sabon ginin da za a yi a ƙasashen ƙungiyar sai ya zama mai cin makamashi kaɗan, wanda ba a ƙona gas ko mai a cikinsa don ɗumama ɗaki ko ruwa. Gine-ginen gwamnati su za su fara, tun 2028. A birnin New York na Amurka kuwa, tun 2024 manyan gine-gine ke ƙarƙashin dokar da ta yanka musu iyakar hayaƙin da za su fitar, wanda ya zarce ya biya tarar dala 268 a kan kowane tan. Faransa ta bi tata hanyar: tun farkon 2022 lissafinta ya wuce wutar da gida zai sha, ya haɗa har da hayaƙin da aka fitar wajen yin siminti da ƙarfen da aka gina shi da su.

Wannan ya sa kalmar "koren gini" ta cika bakin dillalan gidaje da 'yan siyasa. Sai dai mai sauraro kan ji magana biyu masu karo da juna. Wasu na cewa irin wannan gini ne zai rage ɗumamar duniya, wasu kuma na nuna benaye masu lambar yabo da suka fi tsofaffin maƙwabtansu shan wuta. Kowane ɓangare na da hujja a hannu. Saɓanin ya samo asali ne daga inda kowa ya fara ƙirga, da inda ya tsaya.

Me ake kira koren gini

Launin fenti ba ya cikin maganar, shuke-shuke a baranda ma ba sharaɗi ba ne. Ana nufin ginin da aka zana, aka gina, ake kuma tafiyar da shi ta yadda zai rage cin wuta da ruwa da kayan aiki, ya rage shara da hayaƙi, ba tare da an takura wa mazauna ciki ba. Abin da ya sa aka matsa wa gine-gine lamba shi ne girman kasonsu: a lissafin hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, su da aikin gina su ne ke da alhakin fiye da kashi ɗaya bisa uku na iskar kabon da ake fitarwa ta hanyar amfani da makamashi.

Tun da kowa zai iya yaba kayansa, sai aka ƙirƙiro takardun shaida. Birtaniya ce ta fara da BREEAM a 1990. Amurka ta biyo baya da LEED a ƙarshen shekarun 1990, wanda ke raba gine-gine hawa-hawa, daga shaida ta gama-gari zuwa azurfa, zinare da filatinam. Reshen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa ya fito da EDGE don ƙasashe masu tasowa, sharaɗinsa kuma a bayyane yake: a rage kashi 20 cikin 100 na wuta, na ruwa, da na abin da kayan ginin suka ci wajen ƙera su. Yawancin waɗannan tsare-tsare maki ake tarawa daga fannoni da yawa. Akwai makin tsimin wuta, akwai na wurin ajiye kekuna, akwai na fenti marar wari. Gini na iya yin rauni a babban fanni ya cike gurbin da ƙananan maki masu araha.

Hayaƙi iri biyu

Duk wanda ya rarrabe waɗannan biyun ya fahimci rabin gardamar. Na farko shi ne hayaƙin yau da kullum: fitila, firji, lifta, na'urar sanyaya ɗaki, tukunyar ɗumama ruwa. Wannan yana fita ne kaɗan-kaɗan tsawon shekara 50 ko 60 da ginin zai yi yana aiki. Na biyu shi ne wanda aka riga aka fitar kafin kowa ya sa ƙafa a ciki, wajen fasa dutse, gasa siminti, narka ƙarfe da gilashi, jigilarsu, da tona harsashi. Masana na ce masa hayaƙin da ke binne a jikin gini. A sauƙaƙe, bashi ne. Kowane sabon gini yakan fara rayuwa da bashi a wuyansa, tsimin wutar da zai yi a kowace shekara kuma shi ne kuɗin biya.

Babban mai bin bashin shi ne siminti. Ana gasa dutsen farar ƙasa a cikin wata doguwar tanda mai juyawa har zafi ya kai wajen digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyas. Ko da a ce wutar tandar ba ta fitar da hayaƙi ko kaɗan, dutsen da kansa sai ya saki iskar kabon, domin rabuwa da ita ce ke mayar da shi abin da ake nema. Fiye da rabin hayaƙin masana'antar daga nan yake fitowa. Duniya na yin siminti wajen tan biliyan 4 a shekara, shi kaɗai yana ɗauke da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa, ƙarfe ma bai yi masa nisa ba. Ga kuma yashi da tsakuwa, waɗanda ake kwashe wajen tan biliyan 50 duk shekara, da yawa daga cikin koguna da bakin teku.

Akwai kuma batun lokaci. Bashin yau ake cinsa baki ɗaya, biyan kuwa sai an ɗauki shekaru. Ƙasar da wutar lantarkinta ke ƙara komawa kan sola da iska, tsimin kowane kilowat zai riƙa rage hayaƙi ƙasa da yadda yake ragewa a da, don haka biyan bashin sai ya ƙara jan lokaci. Shi ya sa a gini mai tsananin tsimi, abin da ke binne a jikinsa kan kai rabin duk hayaƙin da zai fitar a rayuwarsa.

Inda kwalliya ta biya kuɗin sabulu

Misalin da aka fi amincewa da shi yana birnin Darmstadt na Jamus, inda a 1991 aka kammala wasu gidaje huɗu a jere bisa tsarin da masanin kimiyya Wolfgang Feist ya jagoranta, wanda ake kira Passivhaus. An lulluɓe bango da rufi da matarin zafi mai kauri, tagogi gilashi uku-uku, aka toshe duk wata kafa da iska ke kurɗawa. Iskar shaƙa tana shigowa ta wata na'ura, inda mai fita ke miƙa wa mai shigowa ɗuminta ta jikin siraran farantai ba tare da sun gauraya ba. Kafin a ba gida shaida, ana toshe ƙofarsa da wani tanti mai fanka a tsakiya, a zuƙe iskar ciki, a auna yawan yoyon da ya rage. Ƙa'idar ita ce kada ɗumama gidan ya ci fiye da awan kilowat 15 a kowane murabba'in mita a shekara, wato ragin da kan kai kashi 90 cikin 100 idan aka kwatanta da tsofaffin gidajen ƙasar. An yi fiye da shekara 25 ana auna waɗannan gidaje, alƙaluman ba su kauce ba.

A ƙasashe masu zafi kuwa, abin yaƙi shi ne sanyaya ɗaki. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki za su tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050. Duk ginin da ya rage buƙatarsu ya yi babban aiki. Cibiyar kasuwanci ta Eastgate a Harare, babban birnin Zimbabwe, wadda Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996, ba ta dogara da babbar na'urar sanyaya gini ba. Da dare fankoki na tura iska mai sanyi ta cikin ramukan da aka bari a kankaren daɓe, kankaren ya sha sanyin ya ajiye. Da rana sai ya riƙa sakinsa cikin ofisoshi, iska mai zafi kuma ta haura ta fice ta bututan bulo da ke jere a kan rufi. Pearce ya ce daga shurin gara ya ɗauko dabarar. Daga baya masu nazarin gara sun gano cewa shuri ba haka yake aiki daidai ba, amma ginin bai fasa yin sanyi ba. Abin lura shi ne Harare tana kan tudu, darenta na da sanyi. A birnin bakin teku mai gumi dare da rana, wannan dabara ba za ta kai ko'ina ba.

Wasu ribobin ba sa buƙatar injiniya. A Ahmedabad ta Indiya, bayan zafin 2010 da ya hallaka mutane da dama, an shiga shafa wa rufin gidajen marasa ƙarfi farin fenti mai mayar da hasken rana, abin da kan rage zafin ɗaki da digiri 2 zuwa 5. Ƙwan fitila na LED yana cin ƙasa da rubu'in wutar tsohon ƙwai mai zare. Rufin da aka shuka wa ciyawa yana riƙe ruwan sama ya sake shi a hankali, magudanan gari su samu sauƙi.

Kore a ido, nauyi a harsashi

Hoton da aka fi yaɗawa idan ana maganar koren gini shi ne na Bosco Verticale, wasu benaye biyu a Milan ta Italiya da aka kammala a 2014, ɗauke da bishiyoyi wajen 800 a barandodinsu. Bishiyoyin na ba da inuwa, suna tare ƙura, tsuntsaye sun samu masauki. Amma bishiya da jiƙaƙƙiyar ƙasarta nauyi ne, iska kuma na kaɗa ta a can sama, dole aka ƙara kaurin kankare da rodi a kowace baranda. Ana ba su ruwa ta bututu, masu sassabe kuma da igiya suke saukowa daga rufi don yi musu aski. Magoya baya na kallon amfanin inuwa da lafiyar mazauna gari. Masu suka na cewa da a ƙasa aka shuka bishiyoyin, da an samu yawancin amfanin ba tare da ƙarin siminti ba.

Katako shi ake kallo a matsayin mai maye gurbin kankare. Ana manna alluna a gicciye, a matse su su zama ginshiƙai da daɓe masu ɗaukar nauyi. Da irinsu aka gina Mjøstårnet a Norway, bene mai hawa 18 da tsayin mita 85, a 2019. Bishiya na zuƙar kabon lokacin girma, idan ta zama ginshiƙi sai kabon ɗin ya zauna a ɗaure muddin ginin na tsaye. Sharuɗɗa biyu ne ke tabbatar da wannan riba: a maye gurbin bishiyar da aka sare, kuma kada katakon ya ƙare a wuta ko juji bayan rushe ginin. Idan daga tsohon daji aka saro shi, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Ko shi wancan bene na Norway sai da aka zuba wa hawansa na sama daɓen kankare, don ya yi nauyin da iska ba za ta riƙa girgiza shi ba.

Tsakanin takarda da mita

A nan ne gardama ta fi zafi. Shekaru da dama ana ba sabon gini shaida ne bisa lissafin kwamfuta na wutar da ake sa ran zai ci, tun kafin mutane su tare. Mita kuwa abin da ya faru take faɗa. Wani nazari da masu bincike a Kanada suka yi a 2009 kan gine-gine 100 masu shaidar LEED ya nuna cewa a jimlace sun fi takwarorinsu tsimi da kashi 18 zuwa 39 cikin 100, amma wajen kashi ɗaya bisa uku daga cikinsu sun fi takwarorin nasu shan wuta. Masu kare tsarin sun riƙe adadi na farko, masu suka sun riƙe na biyu.

Benen Bank of America a New York ya samu shaidar LEED ta filatinam a 2010. Da hukumar birnin ta fara wallafa yawan wutar da manyan gine-gine ke sha, sai aka ga a kowane murabba'in ƙafa ya ninka benen Empire State na birnin, wanda aka gina tun 1931. Ba a ce zanen ginin ƙarya ba ne. Hawa-hawan 'yan hada-hadar kuɗi ne cike da kwamfutoci da allunan da ba a kashewa dare da rana, abin da mai zane ba shi da iko a kai. Masu ginin na iya cewa laifin mai haya ne, sararin samaniya kuwa bai san wannan bambanci ba.

Dalilan giɓin sanannu ne: leburan da suka bar kafa a jikin matarin zafi, na'urori masu sarƙaƙiya da mai kula da gini bai iya saita su ba, ma'aikacin da ya buɗe taga alhali na'urar sanyi na aiki. Akwai kuma halin ɗan Adam da masanin tattalin arziki William Stanley Jevons ya lura da shi tun 1865 a kan gawayin ƙasa: abu idan ya yi arha sai a ƙara cinsa. Wanda kuɗin wutarsa ya sauka yakan ƙara sanyin ɗaki, ko ya gina gida mafi girma. Sannan ga wurin da aka kafa ginin. Ofis mai cikakken tsimi da aka kafa a bayan gari, inda kowane ma'aikaci sai ya tuƙa mota ya je, na iya jawo hayaƙi a kan titi fiye da wanda ya rage a cikin bango.

Matsalolin da maganin ya haifo

Gidan da aka toshe sosai ba a yi masa hanyar iska mai kyau ba yakan tara danshi, funfuna, da warin gam da fenti. An ga haka bayan rikicin mai na 1973, lokacin da aka yi ta toshe ofisoshi don tsimi, ma'aikata suka shiga kukan ciwon kai da ƙaiƙayin ido. Wasu nau'o'in soson roba da ake tare zafi da su an daɗe ana kumbura su da iskar HFC, wadda wani nau'inta ya ninka kabon fiye da sau 1,000 wajen riƙe zafi, kuma sai a yarjejeniyar Kigali ta 2016 aka amince a rage ta. Wasu kuma suna cin wuta. Gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, wadda ta ci rai 72, ta bi ta jikin rufin bango da matarin zafin da aka manna wa ginin lokacin gyara.

Farantin sola yakan biya makamashin da aka ƙera shi da shi cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ya yi aiki shekara 25 zuwa 30, don haka ribarsa ba abin musu ba ce. Sai dai an ƙiyasta tsofaffin farantai za su iya kai tan miliyan 78 nan da 2050, masana'antar sake sarrafa su kuma ba ta kai girman nan ba tukuna. Manyan tagogin gilashi da ake so don hasken rana su ma suna da nasu: a Amurka kaɗai ɗaruruwan miliyoyin tsuntsaye ke mutuwa duk shekara saboda karo da gilashi. Ko ginin Bullitt Center na birnin Seattle a Amurka, wanda rufinsa na sola ke samar da wutar da ta wuce buƙatarsa, ya cire banɗakunansa masu mayar da bahaya taki bayan 'yan shekaru, saboda kula da su a bene mai hawa shida ya zama jidali.

A rushe ko a gyara

Wani nazari da wata ƙungiyar adana tsofaffin gine-gine ta Amurka ta fitar a 2011 ya gano cewa sabon ginin da ya fi na da tsimi da kashi 30 cikin 100 na buƙatar shekara 10 zuwa 80 kafin ya biya bashin gina shi. Tsohon gini ya riga ya ci nasa bashin, harsashinsa da ginshiƙansa kyauta suke ga muhalli. Gyaran da aka fara yi wa Empire State a 2009 ya nuna yadda abin ke yiwuwa: an ciro tagoginsa 6,514, aka sabunta su a wani ɗakin aiki a cikin benen kansa, aka mayar da su, da nufin rage kashi 38 cikin 100 na makamashin da yake ci.

Masu goyon bayan sabon gini na da tasu amsar. Wani tsohon ginin ya lalace fiye da gyara, wani kuma gida ɗaya ne ya mamaye filin da zai ɗauki iyali 40 kusa da tashar jirgin ƙasa. Sannan a ƙasashen da jama'a ke ƙaruwa da sauri, yawancin gidajen da za a zauna ciki nan da 2050 ba a ma gina su ba, don haka babu abin gyarawa. A can, zaɓin yana kan fuskar da gini zai kalla, girman taga, tsawon inuwa, da yawan simintin da za a zuba.

Abin da zai taɓa mai gida da ɗan haya

Mai zama a gidansa shi ya fi saurin ganin riba, don shi ya kashe kuɗin gyara, shi kuma kuɗin wuta zai sauka wa. A gidan haya lissafin ya rabu biyu: mai gida ke biyan gyara, ɗan haya ke morar sauƙin wuta. Idan doka ba ta shiga tsakani ba, ko dai mai gida ya ƙi gyarawa, ko ya gyara ya ɗora a kan haya. A Jamus doka ta ba mai gida damar ƙara kashi 8 cikin 100 na kuɗin gyaran a kan hayar shekara, bayan an rage shi daga kashi 11 a 2019 sakamakon koken masu hayar da gyara ya kora daga unguwanninsu. Ƙarin hayar kan zarce abin da aka rage a kuɗin wuta, musamman ga masu ƙaramin ƙarfi.

Magina da masu aikin wuta da na famfo za su ga sauyi a sana'arsu, domin ginin da ake aunawa da fanka ba ya yafe aikin ganin ido. Mai sayen gida kuma zai fara ganin sabon adadi a takarda. A 2023 Danmak ta hana sabon babban gini wuce kilo 12 na kabon a kowane murabba'in mita a shekara, har da abin da ke binne a jikinsa. A Tarayyar Turai, daga 2028 duk sabon ginin da ya wuce murabba'in mita 1,000 sai an rubuta hayaƙin rayuwarsa gaba ɗaya a takardar shaidar makamashinsa, daga 2030 kuma sharaɗin zai hau kan kowane sabon gini.